Ɗan wabi ba dawowa yake yi ba

A garuruwanmu, idan mace ta binne 'ya'ya uku ko huɗu a jere, sai a ce wabi take yi. Wasu har su ƙara da cewa ai yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Shi ya sa idan ta sake haihuwa ake ɗora jaririn a kan juji, a kira shi Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko ya haƙura ya zauna.

Ba na ganin laifin iyayenmu da suka yi haka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma ina roƙon su saurare ni, domin wannan zance ya saɓa wa abin da muka karanta a gaban malamai. Ruhi idan ya fita, barzahu ne mazauninsa har ranar tashi. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Muminun sun ba da labarin mai roƙon a mayar da shi duniya, ba a kuwa amsa masa ba. Hadisin Ibn Mas'ud ma ya nuna kowane ɗan tayi mala'ika ake aiko masa ya busa masa rai, a rubuta masa arzikinsa da ajalinsa, nasa shi kaɗai.

To, me ya sa yaran suke tafiya a shekaru kusan ɗaya, da ciwo iri ɗaya? Sau da yawa amsar tana cikin jinin iyaye. Idan miji AS ne, mata AS ce, wato dukansu suna ɗauke da gadon sikila a jininsu, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Jariri mai sikila yakan fito ƙalau, saboda jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Wajen wata shida wannan kariya take raguwa, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, zazzaɓin cizon sauro ya samu ƙofa. Ƙanensa ya biyo, ga kama, ga ciwo guda, sai a ce shi ne ya dawo. Ana ƙiyasin jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, shi ya sa a 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure.

Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka ce yaro tafiyarsa yake so, sai gwiwa ta yi sanyi wajen kai shi asibiti, alhali rigakafi, gidan sauro da magani a kan lokaci suna raya irinsa har su yi jikoki.

Ke kuma baiwar Allah da kika binne uku, uku kika haifa, kowanne da sunansa. Annabi (SAW) ya yi wa mai irin rashinki bushara da kariya daga wuta, kuma uku ya ƙirga su.