Shafi bakwai a waya, yaro ɗaya da zazzaɓi: Ku kula da inda linki ke kai ku

Yau maganarmu a kan waya ce, amma kada ku ce na bar fagena, domin abin da zan faɗa a gaban teburin magani na gan shi.

Wata rana bayan Magariba wata baiwar Allah daga unguwar Pantami ta shigo kantin maganin da nake aiki, goye da ɗanta mai shekara 2, jikinsa ya yi zafi rau. A hannunta akwai kwalbar farasitamol ta ɗigawa, wadda aka saya wa jaririyar kishiyarta. Ta ce, "Anti, na duba a waya an ce in ba shi mililita 7.5, amma wannan abin ɗigawar mililita 1 kawai yake ɗauka. Sau bakwai da rabi zan cika ke nan?"

Na ɗora yaron a sikeli, nauyinsa kilo 12. Ƙa'idar farasitamol ga yara ita ce miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, bayan kowace awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce sau huɗu a awa 24. Ke nan iyakar abin da zai sha a lokaci guda miligiram 180 ne. A ruwan magani mai ƙarfin miligiram 120 a cikin mililita 5, hakan ya kama mililita 7.5, daidai da abin da ta karanta. Sai dai kwalbar da ke hannunta miligiram 100 ce a cikin kowace mililita ɗaya. Da ta ɗura masa mililita 7.5, da ya sha miligiram 750, fiye da ninki huɗu na abin da ya dace. Farasitamol kuwa idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma sau da yawa ba a ganin alama sosai a rana ta farko.

Na karɓi wayarta na duba. Shafi bakwai ne a buɗe a burauzarta. Ta fara da shafin da ke bayani a kan maganin ɗigawa, ta danna wani linki a ciki, ya buɗe mata sabon shafi ba ta lura ba, ta sake danna wani. Da yaron ya fara kuka ta ajiye wayar ta je ta shafa masa ruwa. Da ta dawo ta buɗe jerin shafukan, duk ƙanana ne masu kama da juna, sai ta ɗauki na sirop. Bayanin da ta karanta gaskiya ne, amma ba na kwalbarta ba ne. Tambayar da ta yi ce ta tsare ɗanta.

Yadda linki ke buɗewa

Idan kuka danna linki, ɗaya daga cikin abu uku ke faruwa. Ko dai ya buɗe a kan shafin da kuke, sabon bayani ya maye gurbin tsohon. Ko ya buɗe a sabon shafi, wanda ake kira tab, tsohon yana nan a baya. Ko kuma ya buɗe a cikin manhajar da kuke amfani da ita, kamar yadda Facebook da Instagram ke yi da ƙaramar burauzar da ke cikinsu.

Mai gidan yanar ne ke tsara yadda linkinsa zai buɗe, amma ku ma kuna da zaɓi. A Chrome, idan kuka danne linki da yatsa na ɗan lokaci, za a ba ku damar buɗe shi a sabon tab. A kwamfuta, riƙe maɓallin Ctrl yayin dannawa yana yin wannan aiki. Ɗan murabba'in nan mai lamba a ciki da ke kusa da wurin adireshi shi ke nuna yawan shafukan da kuka bari a buɗe. Ku duba naku yanzu. Na sha ganin wayar da ke da 40 ko 60, mai ita bai ma san suna nan ba.

Mutane sun bambanta a kan wannan. Maigidana ya fi son komai ya buɗe a sabon tab, don kada ya rasa inda ya tsaya. Mahaifiyata kuwa shafi ɗaya take so, in ta gama ta koma baya. Kowanne da amfaninsa. Idan kuna kwatanta abu biyu, kamar jadawalin rigakafin yara da katin asibitin ɗanku, sabon tab ya fi. Idan kuwa magana ce ta awon magani, to ba a tauna taura biyu: ku rufe komai, ku bar shafi ɗaya, kwalbar tana hannunku.

Shafin wace ƙasa kuke karantawa?

Wani haɗarin tara shafuka shi ne cakuɗa bayanin ƙasashe. A Amurka farasitamol sunansa acetaminophen, ruwansa na yara yawanci miligiram 160 ne a mililita 5, kuma jadawalinsu da fam suke auna nauyi, ba kilo ba. Kilo ɗaya fam 2.2 ne. Uwar da ɗanta ke da kilo 24, idan ta bi layin fam 24, ta ba shi ƙasa da rabin abin da yake buƙata, zazzaɓi ya ƙi sauka, ta ce maganin jabu ne. A Ingila akwai mai miligiram 120 da mai 250 a mililita 5, kowanne da shekarun da aka yi shi dominsu. Shi ya sa nake cewa abin da ke rubuce a jikin kwalba da takardar cikin kwali su ne na farko, waya ta biyo baya.

Ku fita daga cikin Facebook kafin ku yarda

Ƙaramar burauzar cikin Facebook ba ta nuna adireshi a fili kamar yadda babbar burauza ke yi, kuma da zarar kun rufe ta, shafin ya tafi. Masu tallar maganin "sanyi" da na ƙarin ƙiba da na ƙarfin maza suna cin moriyar wannan. Za su sa hoton mutum da farar riga, su manna tambarin hukuma, su ce a biya kafin a kawo.

Ku danna ɗigo ukun da ke sama, ku zaɓi buɗewa a Chrome ko wata burauzar da kuke da ita, sannan ku karanta adireshin a tsanake. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Na NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, shi ne nafdac.gov.ng, kuma tana da kundin Greenbook inda ake duba ko an yi wa magani rajista. Na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne who.int. Idan kuka ga sunan hukuma amma wutsiyar adireshin daban ce, ku rufe.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2008 zuwa 2009 maganin haƙorin yara na My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wasu sirop huɗu na tari da mura bayan mutuwar yara da dama a Gambiya. Duk lokacin da irin wannan ta faru, WhatsApp kan cika da saƙonni, na gaskiya da na ƙarya a haɗe. Sanarwar janye magani daga kasuwa, a shafin hukumar za ku tabbatar da ita, tare da lambar rukunin da abin ya shafa.

Wayar gida ba ta mutum ɗaya ba ce

A yawancin gidajenmu na Gombe, daga Jekadafari zuwa Tumfure, waya ɗaya uwa ke bincike da ita, da ita yara ke kallon katun, da ita ƙani ke aikin makaranta. Shafin da kuka bari a buɗe yana nan har sai an rufe shi. Matar da ta karanta bayani a kan tazarar haihuwa, ko magidancin da ya duba wani ciwo da yake jin nauyin faɗa, suna iya tarar da sirrinsu a hannun ɗan shekara 10. Ga irin wannan bincike ku yi amfani da shafin sirri, mai alamar hula da tabarau a Chrome. Ba ya ajiye tarihin abin da kuka duba a wayar, amma shi ma sai kun rufe shi da kanku.

Haka nan, ku shiga saitin burauza ku toshe shafukan da ke faɗowa da kansu. Idan wani gidan yana ya nemi izinin aiko muku da sanarwa, ku ƙi, domin ta nan tallace-tallacen batsa da na magungunan bogi ke shigowa wayar da yara ke riƙewa.

Abin da nake roƙonku

Kafin ku auna wa yaro magani, ku san nauyinsa da kilo, ku karanta ƙarfin da ke jikin kwalba, ku yi amfani da ma'aunin da ya zo da ita, ba cokalin shayi ba. Idan abin da waya ta faɗa ya saɓa da na kwalba, ku tsaya ku tambayi masanin magunguna mai lasisi. Zazzaɓin da ya zo da jijjiga, ko yawan amai, ko kasa shan nono, ko wanda ya kama jaririn da bai kai wata 3 ba, ba na bincike a waya ba ne. A tafi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, kuma a yi gwajin maleriya kafin a fara maganinta.

Ita kuwa baiwar Allah, na auna mata mililita 1.8, na rubuta a jikin kwalin da biro, muka rufe shafukan nan bakwai tare, na ce ta wuce a yi wa yaron gwaji. Bayan kwana uku ta leƙo ta ce jiki ya yi sauƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.