Yadda intanet ta sauya hanyar da waƙa ke bi zuwa ga mai sauraro

A da, mawaƙin Hausa kan sayar da waƙarsa ga dillalan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, su buga ta a kaset ko faifai, sannan ya jira gidan rediyo ya sanya ta. Yanzu kuwa daga ɗakin naɗar sauti take wucewa YouTube, Audiomack, Boomplay ko Spotify, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2021.

Waɗannan manhajoji na biyan mawaƙi gwargwadon yawan sauraro, kuma farashin ya danganta da kuɗin rajista da na talla a ƙasar mai sauraron. Shi ya sa sauraro dubu daga Amurka ya fi dubu daga Najeriya tsoka, nesa ba kusa ba. Ga kuma masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, inda ko kwabo ba ya isa hannun mai waƙar, duk da dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023.

Gidajen rediyo ma sun bi sahu, suna yaɗa shirye-shirye kai tsaye ta Facebook. Sau da yawa sai waƙa ta yi tashe a TikTok kafin mai gabatarwa ya neme ta.