Rumbunka a gonar wani: zancen katin kyauta na kantunan salula

Duk wanda ya riƙe salula irin ta zamani, wadda ake shafawa da yatsa, ya san ranar da rubutu kan fito bisa gilashinta yana cewa wuri ya cika. Hotunan suna da na arme sun taru, muryoyin WhatsApp sun taru, takardun da anka aiko daga ma'aikata sun taru. Kamfanin Apple, mai yin iPhone, yana ba kowa ma'ajiya ta jiga 5 kyauta, kamfanin Google kuwa jiga 15. Abin da ya wuce nan, sai da biya. Tun farkon shekarar 2024 ma ajiyar WhatsApp ta masu salular Android ta shiga cikin lissafin jiga 15 ɗin, shi ya sa mutane da yawa sunka ga tasu ta cika ba su san dalili ba.

Kuɗin ba su da yawa. A reshen Apple na Faransa, jiga 50 santim 99 ne na yuro a wata, watau wajen sefa 650, dala 130 ke nan. Wahalar tana ga hanyar biya. Wanga kanti ba shi da rumfa a Babbar Kasuwar Yamai ko a kasuwar Dole ta Damagaram, balle mutum ya je ya ƙidaya kuɗi a hannu ya amshi rasi. Cikin salula yake, kuma ba ya amsar takardar sefa. Daga nan ne sana'ar katin kyauta ta samo asali a garuruwanmu.

Kanti biyu, rassa da yawa

Manhaja, wadda samari ke kira aplikasiyo, ita ce ɗan aikin da ake sakawa cikin salula: ƙamus, wasa, taswira, abin koyon harshe. Kantuna biyu ne manya ke rarraba su. Na Apple sunansa App Store, an buɗe shi cikin watan Yuli na 2008. Na Google an buɗe shi cikin Oktoba na wannan shekara da sunan Android Market, sa'an nan a 2012 anka sake masa suna Google Play. Mafi yawan manhajojin kyauta ne, wasu na sayarwa, wasu kuma na haya, ana biya wata wata.

Kowane kanti yana da reshe ƙasa ƙasa, kuma ran da anka buɗe wa mutum asusu, wanda muke kira kwanti, ana rubuta ƙasar da yake. Ita ke nuna irin kuɗin da zai biya da su, da harajin da za a ɗora masa, da manhajojin da zai gani, don akwai waɗanda ake bayarwa a wata ƙasa ba a bayar da su a wata. Nijar tana da nata reshe, amma ana biya da katin banki. Mai albashi da ke da katin Visa yana iya wa kansa. Ɗan makaranta, da tela, da manomin da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya sayi salula da kuɗin wake, mafi yawansu ba su taɓa shiga banki ba.

Katin kyauta kuwa ba ya bukatar banki. Kamarsa ɗaya da katin Airtel ko na Moov da muka saba kankarewa: akwai lamba a ɓoye, a rubuta ta cikin salula, kuɗi su shiga kwanti. Ta Apple haruffa da lambobi 16 ne, tana farawa da harafin X. Sai dai kamfanonin biyu ba su sayar da katinsu a Nijar. Ana sayar da shi a Faransa, da Amurka, da Kanada, da Saudiyya, da waɗansu ƙasashe, kuma dokarsa ita ce ba ya shiga sai a kwantin ƙasar da anka saye shi. Saboda haka mai son aiki da shi yakan buɗe kwanti da sunan wata ƙasa, ya rubuta adireshin wani gida a Faris wanda bai taɓa ganin ƙofarsa ba.

Wagga doka tana da tsanani fiye da yadda ake zato. Faransa da Beljiyam kuɗinsu ɗaya, yuro, amma katin da anka saya a Buruksel ba ya shiga kwantin Faransa. Wani ƙanena, malamin lakwal ne a wani ƙauye kudu da Tasawa, ya koyi wanga darasi da aljihunsa. Ya sayi lamba wurin wani mai shago a birni, ya koma ƙauye, ya hau tudun da ake samun rezo, ya rubuta ta har sau uku, salula tana ce masa katin ba na ƙasar kwantinsa ba ne. Kwantinsa na Faransa, katin na Amurka. Da ya koma ran kasuwa, mai shagon ya ce shi lamba ya sayar, kuma lamba lafiyarta lau. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai tambayi mai saye ƙasarsa ba, shi ma mai saye bai san yana da wata ƙasa ban da Nijar ba.

Abin da ya shiga ya shiga

Ma'aikatan gwamnati sun san takardar bon ta shan mai. Tana da daraja a gidan mai, amma ba a biyan kuɗin haya da ita, ba a kai ta wurin mai nama. Haka kuɗi ke zama da zarar an shigar da lambar kati. Ba a fiddo su a mai da su sefa, ba a tura su kwantin wani, ba a ɗauke su daga reshen Amurka a kai na Faransa. Suna nan ajiye, amma ba a sayen kome da su sai abin kantin.

Har ma sukan ɗaure mai su. Wanda ya so mai da kwantinsa na Apple zuwa wata ƙasa, sai ya kashe ragowar kuɗin duka tukuna, ya soke duk abin da yake haya. In santim kaɗan ne sunka rage, waɗanda ba su isa sayen kome ba, sai ya nemi ma'aikatan kamfanin su share masa su, da Faransanci ko Ingilishi. A wajen Google, ba a sake ƙasa yau a sake gobe, sai an jira, kuma ragowar kuɗin tsohuwar ƙasa ba su aiki a sabuwa. Google yana kuma duba inda salula take, shi ya sa samari ke sa manhajar ɓoye wuri domin a zaci suna Turai. Wannan dabara, da adireshin aro, duka sun saɓa wa sharuɗɗan da mutum ya amince da su ran da ya danna "na yarda" bai karanta ba. Muddin babu matsala, babu mai tambaya. Ran da matsala ta zo, za a nemi mutum ya tabbatar da abin da ya rubuta, shi kuwa ya san ba gaskiya ba ne.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Nan ga wanda ya yi karatu zai ga amfanin alƙalaminsa. Tun ran 1 ga Janairu na 1999 darajar sefa a gaban yuro a ƙayyade take, ba ta hawa ba ta sauka: yuro 1 sefa 656 ne ba kaɗan. Ke nan katin yuro 10 sefa 6.560 ne, na yuro 25 kuwa sefa 16.400, watau jikka 16 da dala 80. In mai sayarwa ya ce jikka 18 ko 19, abin da ya hau ribarsa ce da ladan wahalarsa, ana iya ciniki. Dalar Amurka kuwa (ba tamu ta sefa 5 ba, kada a ruɗe) tana hawa tana sauka, sai an tambayi darajarta ta ranar. Akwai kuma bambancin haraji. Farashin Faransa ya riga ya ƙunshi nasa, abin da ka gani shi za ka biya. Na Amurka ana ƙara shi daga baya gwargwadon jihar da anka rubuta, shi ya sa masu buɗe wa mutane kwanti ke son adireshin Oregon ko Delaware, jihohin da ba su ɗora harajin ciniki.

To, amma in wani ya zo maka da katin yuro 25 ya ce kawo jikka 11, tsaya ka yi tunani. Babu ɗan kasuwar da ke sayen abu jikka 16 ya sayar 11 don yana ƙaunarka. Irin waɗannan lambobi masu araha suna da tarihi. Wasu an saye su da katin bankin da anka sace. Wasu kuwa an amshe su da zamba: a kira tsoho ko tsohuwa a Amurka, a ce daga ofishin haraji ne, ko a ce jikanta yana hannun ƴan sanda, ta ruga kanti ta sayi kati ta karanta lambar ta waya. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta ƙidaya dalar Amurka miliyan 217 da mutane sunka kai ƙarar an cuce su ta wagga hanya a shekarar 2023 kaɗai. Lambobin sai su bi hannu hannu, suna rage kuɗi, har su iso wata rumfa a nahiyarmu.

Ran da mai dukiya ya kai kuka, kamfanin yana da ikon soke katin, ya janye kuɗin, har ya rufe kwantin da sunka shiga. Ɓarawon yana nesa, ya daɗe da cin nasa. Wanda ake samu shi ne na ƙarshe, wanda ya rubuta lambar. Kuma rufe kwanti ba hasarar jikka 11 ba ce kawai: manhajojin da anka saya shekara da shekaru suna cikinsa. In mutum ya ce zai yi bayani, za a ce ya kawo hoton katin gaba da baya, da rasin kantin da anka saye shi. Wanda anka turo wa lamba tsirara ta WhatsApp, me zai nuna? A sani kuma, katin da ba a biya kuɗinsa gaban mai kanti an kunna shi ba, lambarsa banza ce ko da sabo ne fil.

Makulli yana hannun wa?

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne wanda ba a cika zancensa ba. Mutanenmu da yawa ba su ne sunka buɗe kwantinsu ba. An sayi salula, an miƙa wa yaro mai gyara, shi ya zaɓi ƙasa, shi ya ƙago adireshi, shi ya sa kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa ya rubuta a matsayin wadda za a riƙa aiko wa saƙon tabbatarwa. Akwai masu sa kwanti ɗaya cikin salular mutum goma don gudun wahala. Mai salula ya tafi yana murna, ya zuba kati bisa kati. Ran da ya sake salula, ko ta nemi kalmar sirri, sai a nemi yaron a ce ya tafi Agadas ko Kwatano. A iPhone abin ya fi muni, don in an goge ta babu kalmar sirrin kwantin da ke ciki, takan kulle gaba ɗaya. Dattijon da ba zai taɓa barin makullin rumbunsa wurin baƙo ba, ga shi ya bar na salularsa, domin ba a gaya masa makulli ne ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A zauna da wanda ya buɗe kwantin tun yana kusa, a tambaye shi ƙasar da ya rubuta, a sake kalmar sirri, a sa lambar mai salula, a rubuta duka cikin littafi a ajiye tare da takardar haihuwa. Ga wurin da karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi.

Sauran ɓeraye na cikin gida ne. Abin haya yana sabunta kansa kowane wata, yana cin ragowar kuɗi ba sallama, kuma gwajin kyauta na kwana 7 yakan rikiɗe ya zama na biya in ba a soke shi ba. Sai yara. Wasanni irin su Free Fire da PUBG kyauta ake shigarsu, amma cikinsu ana sayar da lu'ulu'u da tufafin yaƙi, kuma yaro da salular ubansa yana iya share yuro 25 tsakanin magariba da isha'i. Ba a nan kaɗai ba ne: a 2014 hukumar nan ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dalar Amurka miliyan 32 da rabi, Google kuma miliyan 19, saboda sayayyar da yara sunka yi ba da izini ba. Cikin salula akwai wurin da ake sa ta nemi kalmar sirri kafin kowace sayayya.

Wanda ke da ɗa ko ƙane yana karatu a Liyon ko Tuluz, hanyarsa ta fi sauƙi. Dā manda ake jira a gidan waya. Yanzu ɗan ya shiga kanti can, ya sayi kati, ya turo lambar, ya ajiye katin da rasinsa. Sai dai a gaya masa ƙasar kwantin da sunan kantin tukuna, don katin Google ba ya shiga na Apple. Wanda ke da asusu a banki kuwa, gara ya tambayi bankinsa kuɗin katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi tun da farko, da ladan da ake cirewa bisa kowace sayayya ta ƙetare, ya bar kwantinsa da sunan Nijar da adireshinsa na gaskiya. Ga wanda ba shi da ko ɗaya, kuma dole sai ya saya a rumfa, to ya sayi ƙaramin kati daidai bukatar wata biyu ko uku, ya shigar da lambar nan take gaban mai sayarwa, ya ga kuɗin sun bayyana bisa gilashi kafin ya miƙa nasa.