Injin Lotus Mai Sandar Kam Biyu: Tace Gaskiya Daga Jita-jita

Injin da kamfanin Lotus na Ingila ya fito da shi a 1962, wanda aka fi sani da Twin Cam, yana cikin injinan tsofaffin motocin wasanni da ake yawan kwancewa a sake haɗawa har yau, kuma daɗewarsa a hannun kanikawa ta sa maganganu sun taru a kansa, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa shaci-faɗi. Sandar kam, wadda sunan injin ya samo asali daga gare ta, sanda ce mai 'yan tuddai a jikinta da ke juyawa tana danna bawul, wato murfin da ke buɗe wa mai da iska hanyar shiga silinda, ko ya buɗe wa hayaƙi hanyar fita. A wannan inji an ɗora irin sandar guda biyu a saman kan silinda, ɗaya ta ɓangaren shiga, ɗaya ta ɓangaren fita.

Masu raina injin sukan ce na Ford Cortina ne kawai aka yi wa kwalliya, masu kambama shi kuma su ce ƙirar Lotus ce tun daga tushe, alhali kowane ɓangare ya kama rabin zancen ne. Gangar jikin, inda silinda huɗu suke, ta Ford ce ta zubin ƙarfe, samfurin 116E, amma kan silinda na alminiyom sabuwar ƙira ce da Harry Mundy ya zana wa Colin Chapman, mai kamfanin, sannan Keith Duckworth na kamfanin Cosworth ya taimaka wajen gyara hanyoyin iskarsa. An faɗaɗa silindojin har girman injin ya kai cc 1558, ƙasa kaɗan da 1600, iyakar ajin tseren da aka nufa. Tun kafin a sa shi a motar Lotus Elan, direban tsere Jim Clark ya nuna abin da injin zai iya a gasar Nürburgring ta Jamus a 1962, inda ƙaramar motar Lotus 23 mai ɗauke da shi ta yi wa manyan motoci fintinkau cikin ruwan sama kafin ta fice daga tseren.

Zancen cewa sanda biyu na nufin bawul 16 ba shi da tushe. Bawul takwas ne, biyu a kowace silinda, kuma sarƙa ce ke juya sandunan, ba bel ba. Ruɗanin ya fi fitowa daga injin Cosworth BDA da ya biyo baya, wanda shi ne mai bawul 16 da bel. Hasali ma, wanda ya buɗe injin zai tarar da sanda ta uku a cikin gangar jikin, domin an bar ta Ford ta asali a mazauninta tana juya famfon baƙin mai da famfon fetur da na'urar rarraba wuta ga fulogai.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na famfon ruwa, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi. An gina famfon ne a cikin murfin gaba da ke rufe sarƙa, saboda haka sauya shi ta hanyar da aka saba yana bukatar a ɗaga kan silinda, aikin da ya fi ƙarfin ɗan abin da ya lalace. Wannan aibi ne na ƙira, ba a musun sa. Abin da ba daidai ba shi ne cewa famfon yana mutuwa haka siddan, domin abin da ya fi kashe boris ɗinsa shi ne ɗaure fambel tamau fiye da kima, sai kuma barin mota ta daɗe a ajiye har robar da ke tare ruwa ta bushe. Duk mai sake haɗa injin da ya mayar da tsohon famfo don tsimin kuɗi ya yi arha mai tsada, balle yanzu da ake sayar da murfin gaba mai famfon da ake zarewa shi kaɗai.

Haka ma yoyon baƙin mai gaskiya ne, musamman a inda kan silinda da gangar jiki da murfin gaba suka haɗu, da kuma bututun robar da ke mayar da mai daga sama zuwa ƙasa. Sai dai maganin da ake yaɗawa, wato a lafta gam da yawa a kan gaskit, ya fi cutar muni, saboda rarar da ta matso ciki tana gutsurewa ta bi mai, ta toshe ƙananan hanyoyin da ke kai shi ga boris. Abin da ke hana yoyo shi ne a tabbata fuskokin sun miƙe, saman murfin gaba ya dace da tsayin gangar jiki, a kuma shafa gam ɗan kaɗan a mahaɗa.

Bakaniken da ya saba da injinan da ake saita bawul ɗinsu da sifana da sukudireba yakan ɗauka nan ma haka ne. Babu sukurun saiti a wannan inji. Kowane bawul yana da ɗan kofin ƙarfe a kife a kansa, a ƙarƙashin kofin kuma akwai ɗan faifai da ake kira shim, wanda kaurinsa ke yanke tazarar da ke tsakanin kofin da sandar kam. Ana auna tazarar injin na sanyi, a rubuta, a cire sandunan, a lissafa kaurin da ake bukata, a sauya, a mayar, a sake aunawa. Shirun bawul kuwa ba alamar lafiya ba ce kullum, domin bawul ɗin hayaƙi da tazararsa ta yi kaɗan ba ya zama sosai a mazauninsa ya sauke zafi, daga nan sai ya ƙone.

Akwai kuma masu ganin kankare fuskar kan silinda hanya ce mai sauƙi ta ƙara ƙarfi. Matsin da ke cikin silinda yana ƙaruwa, wannan haka yake, amma kowace kankara tana kusanto da bawul ga fistan, tana kuma sauko da sandunan kusa da gangar jiki, abin da ke sassauta sarƙa ya jinkirta lokacin buɗewar bawul. Kan da ya haura shekara 50 wataƙila an riga an kankare shi sau da dama, don haka alamomin da ke jikin haƙoran sarƙa ba su isa shaida ba. Sai an gwada lokacin da faifan digiri da agogon awo. Ƙarfin doki 126 na samfurin Big Valve da aka sa wa Elan Sprint a 1971, idan aka gwada da 105 na farko, ya samu ne daga haɗuwar manyan bawul da sandunan kam na daban da ƙarin matsi, waɗanda aka lissafa tare.

Imanin cewa sabon haɗi yana bukatar a bar shi yana silo na dogon lokaci shi ma kuskure ne. Sabbin sandunan kam suna bukatar mai ya wadace su tun daga mintunan farko, shi ya sa masu haɗa injina ke tabbatar da matsin mai ya hau kafin su tayar, sannan su riƙe injin a wajen juyi 2,000 a minti na kimanin minti 20. Ringin fistan kuma ba ya zama daidai da bangon silinda sai an tuƙa motar da matsakaicin nauyi ana sassauya gudu. Famfon ruwa da yoyon mai laifin ƙira ne, amma ƙonewar bawul da toshewar hanyar mai da karon bawul da fistan galibi daga hannun wanda ya haɗa injin bai auna ba suke fitowa.