Bugun Farko ko Bugun Baya: Hanyoyin Tantance Fayafayan Kundin Thriller na Michael Jackson

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda masu tara fayafayan garmaho suke bambance bugu daga bugu, ta hanyar ɗaukar kundin waƙoƙin Thriller na Michael Jackson a matsayin abin nazari. An duba yadda ake ƙera faifai, da irin shaidar da kwali da tambari da kuma jikin faifan suke bayarwa, tare da nuna inda kowace shaida take da rauni.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan garmaho Bahaushe yana da faifansa, wato zagayayyen abin nan da mata suke saƙawa don rufe ƙwarya ko fifita abinci. Da baƙin abu mai waƙa ya iso, sai aka ga ya yi kama da shi, aka ara masa sunan. Kaset ya zo ya ture shi, faifan CD ya ture kaset, wayar hannu kuma ta haɗiye su duka. Sai dai faifan roba bai mutu ba. A shekarar 2022, a Amurka, yawan fayafayan roba da aka sayar ya zarce na CD, abin da ba a gani ba tun 1987. Da kasuwar sababbi ta farfaɗo, ta tsofaffi ma sai ta tashi, kuma a wannan kasuwa kalma biyu ce take ɗaga farashi: bugun farko.

Kundin Thriller ya dace da wannan nazari saboda wani dalili mai kama da baubawan burmi. Kamfanin Epic, reshen CBS, ya fitar da shi a ƙarshen watan Nuwamba 1982. Ya yi mako 37 a saman jadawalin Billboard, kuma har yau shi ake lissafawa a matsayin kundin da ya fi kowane kasuwa a duniya. Abin da aka buga miliyoyinsa bai kamata ya yi wuyar samu ba, kuma hakika bai yi ba. Amma duk da haka, mai duba shafukan saye da sayarwa na intanet zai tarar da kwafi biyu masu hoto ɗaya da waƙoƙi tara iri ɗaya, wannan da kuɗi kaɗan, wancan kuma an ɗora masa kuɗin da ya ninka sau da yawa. Tambayar ita ce, mene ne ya raba su, kuma yaya mai saye zai tabbatar ba ruɗarsa ake yi ba?

2.0 Daga Tef zuwa Hatimi

Ba za a fahimci ma'anar bugu ba sai an san yadda faifai yake samuwa. An ɗauki waƙoƙin Thriller a situdiyon Westlake da ke Los Angeles tsakanin Afrilu da Nuwamba 1982, Quincy Jones yana furodusa, Bruce Swedien yana injiniyan sauti. Abin da ya fito daga can tef ne. Daga nan aikin ya koma hannun Bernie Grundman, wanda ya daidaita sautin domin ya dace da faifai.

Mataki na farko shi ne yanka. Ana ɗauko farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai taushi, sai wata na'ura mai tsinin allura ta riƙa bin sautin tef tana tsaga siririyar hanya guda ɗaya da take kewayawa daga baki zuwa ciki. Wannan faranti ba ya jure wahala, don haka ake lulluɓe shi da ƙarfen nikel a ɓamɓare, a sami kwafin da tsagarsa ta zama tudu. Masu sana'ar suna kiran wannan uba. Daga uba ake fitar da uwa, wadda tsagarta ta koma kwari kamar ta asali, daga uwa kuma ake fitar da hatimai masu yawa. Hatimi biyu, na gefen farko da na gefe na biyu, su ake ɗaura wa injin da yake matse curin roba mai zafi ya zama faifai. Hatimi yana gajiya. Bayan ya buga kimanin dubu ɗaya ko 'yan dubbai sai ya fara dakushewa, a jefar da shi a ɗauko wani.

Ke nan kundin da aka sayar da miliyoyinsa ya ci hatimai dubbai da uwaye masu yawa, an kuma yi yankan faranti sau da dama. Ƙasashen waje kuwa galibi ba a aika musu da tef na asali, sai kwafinsa, su yi nasu yankan da nasu injiniyoyi. Wannan ne asalin bambancin sauti tsakanin bugu da bugu.

Akwai wani abu da ya shafi Thriller musamman. Gefen faifai mai faɗin inci 12 yana da iyakar fili. In waƙoƙi suka yi tsawo, dole a matse tsagar, kuma matsattsiyar tsaga ba ta ɗaukar ƙarfin sauti, musamman amon ganga da na bes. Kamar yadda Quincy Jones ya ba da labari daga baya, gwajin farko na kundin ya fito da rauni saboda wannan dalili, har ran mawaƙin ya ɓaci ƙwarai. Sai suka koma suka sake haɗa sautin waƙa ɗaya a kowace rana, suka rage tsawon wasu, ciki har da The Lady in My Life. Abin da ya fita kasuwa bai wuce minti 42 da 'yan daƙiƙai ba. Wannan labari yana nuna cewa siffar faifan kanta ta sa hannu a yadda waƙoƙin suka kasance.

3.0 Shaidar Kwali

Abin da ido yake fara gani shi ne kwali. Bugun Amurka yana ɗauke da lambar QE 38112, na Ingila da Turai EPC 85930, na Japan kuma 25·3P-399, inda 25 take nuni da farashinsa na yen 2,500. Kwalin mai buɗewa ne kamar littafi, da hoton da Dick Zimmerman ya ɗauka na mawaƙin cikin farin kwat, a ciki kuma ga shi kishingiɗe da ɗan damisa.

Shaidar da ta fi shahara tana bayan kwalin. A kwalayen farko na Amurka, sunan Quincy Jones kaɗai aka rubuta a matsayin furodusa. A na baya sai aka ƙara layin da ya nuna cewa Michael Jackson ma ya yi tarayya a aikin. Wannan gaskiya ne, kuma yana taimakawa wajen sanin wane kwali ya riga wane. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar rashin wannan layi a matsayin alamar abu mai wuyar samu, har wasu dillalai su riƙa tallata shi da sunan kuskuren ɗab'i. Kundin da ya gabace shi, Off the Wall na 1979, ya riga ya sayar da miliyoyi, don haka ba kamfanin da zai buga wa irin wannan mawaƙi 'yan kwafi kaɗan a karon farko. Kwali mara layin yana da yawa. Tsufansa tabbas ne, ƙarancinsa kuwa zancen 'yan kasuwa ne.

Rauni na biyu ya fi wannan girma. Ba a masana'anta ɗaya ake buga kwali da faifai ba. Ana kawo kwalaye a jibge, a riƙa zura musu duk faifan da ya fito daga inji, saboda haka tsohon kwali yana iya haɗuwa da sabon faifai tun daga kamfani. Bayan shekara arba'in kuma, hannaye nawa suka taɓa shi? Mai shago yana iya ɗaukar lafiyayyen faifai daga yagaggen kwali ya sa a wani mai kyau. Kwali yana ba da shaida a kan kansa ne kawai.

4.0 Shaidar Jikin Faifai

Tsakanin ƙarshen waƙa ta ƙarshe da takardar tambarin da ke tsakiya akwai wani fili mai santsi da babu sauti a cikinsa. In aka karkata faifan ga haske za a ga haruffa da lambobi a wurin, wasu an karta da hannu, wasu an buga da inji. An yi su ne tun a kan farantin asali ko a kan ƙarfen da ya biyo baya, don haka suna bin kowane faifai da ya fito daga wannan zuriya. Wannan ita ce shaidar da ba a iya musanyawa.

A bugun Amurka za a ga PAL 38112 a gefen farko da PBL 38112 a gefe na biyu, sannan lamba da harafi su biyo baya, kamar 1A ko 1B. A tsarin CBS, lambar tana nuni da tef ɗin da aka yi amfani da shi, harafin kuma yana nuni da yankan faranti. In haruffa ɗai-ɗai suka ƙare sai a shiga bibbiyu, AA, AB, da sauransu. Faifai mai harafi biyu ya fito daga yankan baya ke nan. Amma a nan ma ana wuce gona da iri. An saba yanka faranti da yawa a zama ɗaya a rarraba wa masana'antu daban-daban domin su fara aiki tare, don haka 1A da 1B da 1C suna iya zama tagwaye da aka haifa rana ɗaya. Wanda ya biya ninki don ya sami A maimakon B, mai yiwuwa harafi kawai ya saya.

A lokacin CBS tana da manyan masana'antu uku a Amurka: Pitman a jihar New Jersey, Terre Haute a Indiana, da Carrollton a Georgia. Kowace tana barin alamarta a wannan fili, P ga ta farko, T ga ta biyu, G ga ta uku, ko da yake wani lokaci alamar takan yi dishi-dishi sai an sa madubin ƙara girma. Yawancin kwafin nahiyar Turai kuwa daga masana'antar CBS ta Haarlem a ƙasar Holan suka fito.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a haɗa shaidu uku, kwali da tambari da rubutun fili, a ga ko sun yi daidai da juna, sannan a gwada su da abin da ke rumbun Discogs, wanda aka kafa a 2000, inda aka jera ɗaruruwan nau'o'in wannan kundi. Masu amfani da shafin ne suke cike bayanan, don haka shi ma abin dubawa ne da hattara.

A ganin mai wannan maƙala, ko an tabbatar da bugun farko, ba a tabbatar da kyan sauti ba. Faifan da hatimi ya buga a ƙarshen rayuwarsa ba zai kai wanda sabon hatimi na yankan baya ya buga ba, kuma babu rubutun da yake nuna wannan. Haka nan faifan da dakusasshiyar allura ta yi shekaru tana nuƙurƙusa ya lalace, ko da a ido yana ƙyalli. Shi ya sa ma'aunin lafiyar faifai, irin wanda mujallar Goldmine ta yaɗa, yakan rinjayi farashi fiye da tsufa. Masu tarawa da yawa suna fifita bugun Japan saboda tsabtar robarsa da ƙarancin ƙara, musamman in yana tare da siririyar takardar nan da ake naɗa wa kwali, wadda Japanawa suke kira obi. Bugun da aka manna hoto a jikin faifan kuwa na ado ne, sautinsa bai kai na baƙin faifai ba.

5.0 Rikicin Bugun 2022

Da kundin ya cika shekara 40, kamfanin Mobile Fidelity ya ba da sanarwar bugu na musamman, kwafi 40,000, ta hanyar da ake fitar da hatimi kai tsaye daga farantin asali ba tare da uba da uwa ba. Masu saye sun daɗe da ɗaukar cewa kamfanin daga tef na asali yake yanka, ba tare da sautin ya bi ta kwamfuta ba. Lissafi ne ya tayar da shakka. In kowane faranti hatimi ɗaya yake bayarwa, kuma hatimi yana gajiya da wuri, to kwafi 40,000 suna buƙatar a juya tef ɗin asali sau da yawa, abin da ba mai tef mai irin wannan daraja da zai yarda da shi. A watan Yuli 2022 wani mai shagon fayafayai a birnin Phoenix, Mike Esposito, ya fito da zargin a YouTube, injiniyoyin kamfanin kuma suka tabbatar da cewa sun yi shekaru suna naɗe tef a na'urar dijital kafin su yanka. Magana ta kai kotu, aka yi sulhun da aka ƙiyasta darajarsa da kimanin dala miliyan 25. Abin lura shi ne, kafin tonon asirin, masu kunnen da suke cewa suna gane sautin dijital daga nesa sun yi ta yabon waɗannan fayafayai.

6.0 Abin da Ya Shafi Manazarcin Hausa

Waƙar farko a kundin ta ɗauko amshinta daga Soul Makossa ta Manu Dibango, mutumin Kamaru, wanda ya kai ƙara aka sasanta a wajen kotu. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne hanyar binciken kanta. Kamfanoni irin su EMI sun buga wa mawaƙan Hausa fayafayai, ciki har da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Da yawa daga waƙoƙin da ake nazari a sassan Hausa an same su ne ta kaset da aka kwafa daga kaset, ba shekara, ba sunan kamfani, wani lokaci ma an yanke farko ko ƙarshe. Faifan asali yana ɗauke da lambar kamfani a tambarinsa da rubutu a filinsa, kuma in aka jera lambobin kamfani ɗaya ana iya gane wace waƙa ta riga wace fita. Wanda ya ci karo da irin wannan faifai, kafin ya ɗora masa allura, ya ɗauki hoton kwali gaba da baya, da tambarin gefe biyu, ya kuma kwafe duk abin da aka karta a filin harafi da harafi. Sannan ya ajiye shi a tsaye, cikin rigarsa, nesa da rana, domin zafin bazara yana lanƙwasa roba, ƙurar hunturu kuma in ta shiga tsaga allura ce take niƙa ta a ciki.