Ko Kun Sani? Rana Ba Ta Cin Zaren Kabon

Idan bonet ɗin mota na zaren kabon ya dusashe, ya yi rawaya-rawaya ko fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ba zaren ne ya lalace ba. Abin da rana ke ci shi ne ƙaron epoxy da ya riƙe saƙar, da fentin nan mara launi da ke kanta. Shi ya sa masu gyara ke jiƙa samfefa mai laushi, daga lamba 1500 har 3000, su goga a hankali kafin su dawo da ƙyallin. Da ruwan gugar ya fara baƙi, an taɓo zaren ke nan, sai a dakata. Wanda fentinsa ya riga ya ɓare kuwa, guga ba ta yi masa magani, sai sabon feshi.