Ƙafa ko Keke a Jajayen Duwatsun Moab

Wanda ya bar babbar hanya mai lamba 70 a jihar Yuta ta Amurka, ya hau ta 191 ya yi kudu, ba zai cika awa guda ba jajayen duwatsu za su taso masa dama da hagu. Moab ke nan, ɗan gari mai mutum dubu biyar da 'yan kai a gaɓar kogin Kolorado. Yuraniyam ne ya fara ɗaga sunansa, bayan Charlie Steen ya dace da ma'adinin a 1952. Da kasuwar ta mutu, sai masu yawon buɗe ido suka gaji mahaƙa. Yau motocin da ke shiga garin, wasu da kekuna goye a baya, wasu da takalman hawan dutse a but, kuma matafiyin da kwana biyu kawai zai yi kafin ya ƙara gaba dole ya zaɓi abin da zai ba wa ƙarfinsa.

Keke yana da hujja, ba kuma ƙarama ba. Hanyar Slickrock, mai tsawon kusan kilomita 17, masu babura aka shata wa ita a 1969, daga baya 'yan keke suka mamaye ta. Dutsen wurin tsofaffin tuddan rairayi ne da suka sandare, fuskarsa da kaushi kamar dutsen niƙa. Dawakin mutanen da, masu takalmin ƙarfe, santsi suke yi a kansa, amma tayar roba damƙe shi take yi, har mutum ya haye gangaren da idonsa ya rantse ba ya hawuwa. Ga hanyar Whole Enchilada, wadda ke farawa can cikin sanyin tsaunukan La Sal, sama da mita 3,000, ta gangaro ta cikin itatuwa har zuwa zafin bakin kogi a yini ɗaya. Ga kuma White Rim a gandun Canyonlands, kilomita 160 da akan yi cikin kwana uku ko huɗu, mota na biye da jarkokin ruwa. Ƙafa ba ta isa ta ba mutum wannan faɗin ƙasa ba.

Sai dai a tambayi mai keken abin da ya gani. Yatsunsa na kan birki, idonsa na kan farin fentin da aka ɗiɗɗiga a dutse don nuna hanya, hankalinsa na kan ramin da ke gaban taya. In ya ɗaga kai don kallon kwazazzabo, ya sha ƙasa. Shi kuwa ɗan tafiyar mota ya riga ya kwashe kwanaki yana kallon ƙasa tana gudu ta bayan gilashi. Abin da ya rasa tun da ya bar gida shi ne natsuwa, keke kuwa wani gudun zai ƙara masa.

Shi ya sa na fi karkata ga ƙafa. A gandun Arches, a ɗauki hanyar Delicate Arch, bakan dutsen nan da ke jikin lambar motocin Yuta. Kilomita 4.8 ce zuwa da dawowa, hawa na mita 146, inuwa kuwa sai dai a ce babu. Tun daga farko akwai tsohuwar bukkar katako ta gidan Wolfe, kusa da ita kuma dutsen da mutanen Ute suka sassaƙa wa mahaya dawaki da tumakin dawa. Daga nan sai tsandaurin dutse, mutum na bin tsibin tsakuwoyi. A ƙarshe hanyar ta tsuke ta bi gefen bango, bakan na ɓoye har sai an sha kwanar ƙarshe, sannan ya bayyana tsaye shi kaɗai, mita 16, tsaunukan La Sal a bayansa. Dokar gandun ma ta yanke hukunci: a Arches da Canyonlands keke ba ya barin titi ya hau turbar masu ƙafa. Bakuna sama da 2,000 na Arches, galibinsu sai mai tattaki.

Mai ƙafa ne kuma ke da sararin durƙusawa. Bayan ruwan sama, ƙananan ramukan da ke kan dutse sukan cika, ƙwayayen da suka daɗe kwance cikin ƙura su ƙyanƙyashe, wasu mitsi-mitsin halittu su hau iyo kafin rana ta ƙafar da ruwan. A gefen turba akwai baƙin ɓawon ƙasa mai gurzo-gurzo. Rayayye ne, shi ke riƙe rairayi kada iska ta kwashe, kuma in aka murƙushe shi sai ya yi shekaru da dama bai farfaɗo ba. A nan ba zan wanke masu ƙafa ba, don su ma suna tattake shi in sun yanke hanya. Amma sawun taya dogon layi ne marar yankewa, ruwa na samunsa ya mai da shi magudana.

Saura maganar ruwa, wadda a hamada ita ce alƙali. Da bazara zafin Moab yakan haura digiri 38, masu kula da gandun kuma suna cewa kowa ya tanadi lita huɗu a yini. Wanda ya yi awa biyu a ƙafa bai yi nisan da zai gagare shi komawa mota ba. Wanda ya yi awa biyu a keke yana iya kasancewa kilomita ashirin daga inda ya ajiye ta, in sarƙa ta tsinke ko kafaɗa ta goce, to shi ma ƙafar ce, ga turin keke, ga gora ta kusa ƙarewa. Iya tuƙa keke zuwa kasuwa kuma daban yake da iya sauka daga kan dutse. Mai shagon haya zai ba ka keke da hular kwano, gwanintar kuwa sai in da ita ka zo.

Wanda ya riga ya ƙware, yana da mako guda a hannu cikin Afrilu ko Oktoba, ya nemi izinin White Rim tun da wuri ya hau kekensa, ba ni da ja. Mai kwana biyu kuwa, ya ajiye mota a Wolfe tun da asuba, ya cika gorunansa, ya sauko kafin hantsi ya dubi ludayi.